Ƙarar inji da ke tashi da zafin rana: nazarin lamarin wata Camry a Kano

Asalin motar da aikin da aka yi mata a Disamba 2023

Mai motar ma'aikacin gwamnati ne da ke zaune a Kano, iyayensa kuma suna wani ƙauye a bayan Birnin Kudu, don haka kusan kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kama hanyar Wudil, ya dawo ranar Lahadi da yamma. Motarsa Toyota Camry ce samfurin 2008, mai injin silinda huɗu na lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE. An ƙera ta ne don kasuwar Amurka, ta shigo ta Kwatano, shi kuma ya saye ta a 2021. Shekara biyu yana hawanta ba ta nemi komai ba in ban da juyen baƙin mai, birki da tayoyi.

A tsakiyar Disamba 2023 tiyon sama na lagireto ya fashe masa a hanya da dare, kuma kafin idonsa ya kai kan allurar zafi injin ya riga ya tafasa har gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, ya ƙone. Motar ta yi kwana shida a wani gareji. Aka sauke kan silinda, wanda makanikai ke kira tof, aka kai wa masu injin shara suka goge fuskarsa don ya kwanta daidai, aka sa sabon gaskit. Bakaniken ya ƙara wasu ayyuka da ba a sa shi ba, amma aka gode masa a kansu: ya cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya yi zafi, ya jefar, yana cewa na ƙasashen ƙanƙara ne, ya haɗa wayar fankokin lagireto kai tsaye ta yadda da an murɗa makulli za su kama juyawa, ya cika lagireton da ruwan burtsatse, sannan ya sa filogi huɗu masu araha a madadin na asali.

Duk tsawon hunturu motar ta yi tafiya lafiya. Abu biyu kawai mai ita ya lura da su. Na farko, da safe allurar zafi ba ta kaiwa tsakiya ko da ya isa ofis. Na biyu, tanki ya daina kai shi inda ya saba kai shi, sai dai tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kowa kukan mai yake yi, shi ya sa bai ɗauki nasa kukan a matsayin na daban ba.

Maris 2024: farkon ƙarar

An kama azumi a ranar 11 ga Maris, zafi kuma ya shigo da ƙarfinsa. A mako na biyu na azumin, yana hawan wata gadar sama da misalin ƙarfe uku na rana, na'urar sanyaya ɗaki a kunne, sai ya ji wata ƙara siririya daga gaban motar, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwanin madara. Da ya ɗaga ƙafa daga totur ta ɗauke, da ya sake takawa ta dawo. A kwanakin da suka biyo baya ya gane halinta sarai: ba ta zuwa da asuba, ba ta zuwa idan mota tana tsaye ana ba ta wuta, ta fi tashi idan ana gudun kilomita 60 zuwa 80 a babbar giya, injin yana juyi 1,500 zuwa 2,000 a minti, aka kuma taka totur rabi. Fitilar gargaɗin inji da ke kan dashbod ba ta taɓa kamawa ba.

Da ya bayyana wa wani abokin aikinsa, sai abokin ya ce ai Turawa nokin suke kiran wannan, kuma kalmar kaɗai ta hana shi barci, domin a bakin makanikanmu idan aka ce inji ya yi nokin, ko ya buga, ana nufin metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, ya cinye ko injin ya ƙame, sai dai a sauke shi. Abubuwa biyu ne daban da suka yi tarayya a suna. Bugawar metal ƙara ce mai nauyi daga ƙasan inji, tana bin juyin inji ko mota na tsaye, kuma sanyin safiya ba ya kore ta. Wadda mai Camry ke ji kuwa a cikin ɗakin ƙonewa take faruwa, kuma a wannan rubutu za a kira ta ƙwanƙwasa.

Yadda take faruwa shi ne, fistan yana hawa ya matse cakuɗen iska da fetur, a wannan injin har ninki 9.8, sai filogi ya ba da tartsatsi kaɗan kafin fistan ya kai ƙololuwa. Daga nan wuta ke bazuwa daga bakin filogi zuwa gefunan silinda kamar yadda take cin busasshiyar ciyawa, a jere, ba a lokaci guda ba. Cakuɗen da ke can gefe, wanda wutar ba ta kai gare shi ba tukuna, yana ƙara matsuwa yana ƙara zafi, kuma idan zafin ya fi ƙarfinsa sai ya tashi da kansa gaba ɗaya. Wannan fashewar ce ke dukan bangon silinda sau dubbai a daƙiƙa guda, kunne ya ji ta kamar tsakuwa. Idan ta yi daƙiƙa ɗaya ta wuce ba ta cika yin ɓarna ba, amma idan ta daɗe tana cinye saman fistan, ta karya gurbin ringi, ta sake ƙona gaskit, daga ƙarshe ta iya kai inji ga waccan bugawar da ake tsoro.

Ƙarshen Maris zuwa Sallah: zargin mai

Zargin farko a kan fetur ya faɗa, kuma ba banza ba. Masu mota ba su manta da Fabrairu 2022 ba, lokacin da hukumomi da kansu suka tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa, layuka suka cika gidajen mai. Mai Camry ya bar gidan man da ya saba sha, ya koma wani, sannan wani, tanki uku a jere. Ƙarar ba ta canza ba.

Sai ya buɗe littafin motar ya ga an rubuta a sha fetur mai lambar oktan 87 ko sama da haka, ya kuma ji wani yana cewa a Turai 95 ake sayarwa, lamarin ya ƙara rikice masa. Lambar oktan ma'auni ce ta juriyar fetur ga tashi da kansa idan an matse shi, kuma tun ƙarshen shekarun 1920 ake auna ta da ruwaye biyu: aiso-oktan mai juriya ƙwarai, wanda aka ba lamba 100, da heptan mai saurin tashi, wanda aka ba sifili. Fetur mai lamba 91 shi ne wanda juriyarsa ta yi daidai da ta cakuɗen kashi 91 na na farko da kashi 9 na na biyu. Lambar ba ta auna ƙarfin da ke cikin mai ko nisan da lita za ta kai mota. Rikicin alƙaluman kuwa daga hanyar gwaji ya samo asali, domin Turai da Afirka suna amfani da gwajin da ake kira RON, Amurka kuma tana rubuta matsakaicin RON da wani gwajin mai tsanani da ake kira MON. Saboda haka 87 na Amurka kusan 91 ne na RON, littafin motar ma ya rubuta hakan a gefe, kuma shi ne mafi ƙarancin abin da ma'aunin Najeriya ya gindaya wa fetur. A gidajen manmu iri ɗaya ake sayarwa, babu lamba a jikin famfo, don haka mai mota ba shi da damar ya sha mai lamba mafi girma ya gwada.

Abin da ya iya samu shi ne kwalaben maganin ƙara oktan da ake sayarwa a shagunan kayan mota. Ya zuba kwalba ɗaya a cikakken tanki sau biyu. A nasa jin ƙarar ta ɗan yi laushi a tanki na farko, a na biyu bai ji wani bambanci ba.

Afrilu: cire kan batir sau uku

Kwana biyu kafin Sallah, wadda ta kama 10 ga Afrilu, ya kai motar wurin wani mai wayarin. Mai wayarin ya ce birenbos ne ya rikice, wato kwamfutar da ke tafiyar da inji, kuma maganinsa a goge ta. Ya cire kan batir na baƙar waya, ya bar shi minti ashirin, ya mayar. Da aka tayar da motar sai ta riƙa rawa a tsaye, ta mutu sau biyu a danja kafin ta daidaita. Amma abin mamaki, ƙarar ta ragu sosai, kwana biyu cur da kyar ake jin ta, a rana ta uku ta fara dawowa, a ta biyar ta koma yadda take.

Bayan Sallah ya je Jos biki, kuma kwana uku da ya yi a can bai ji ƙarar ba ko sau ɗaya, duk da hawa da gangaren garin. Yana saukowa daga tsaunin a hanyar dawowa, rana ta take, ta sake tashi. Ya koma wurin mai wayarin aka sake cire kan batir, aka samu sauƙin kwana biyu kamar na farko. Karo na uku da kansa ya yi a ƙofar gida da sifana mai lamba goma.

A ƙarshen Afrilu aka shiga ƙarancin mai a faɗin ƙasar, sai ya zama dole ya sayi galan huɗu a hannun 'yan bumburutu, wanda ya wuni a rana cikin jarka. A wannan makon ƙarar ta kai matuƙarta, har a kan shimfiɗaɗɗen titi ake jin ta, kuma fasinjan da ke kujerar baya ma yana iya ji. Ya ajiye motar kwana tara yana hawa adaidaita.

Mayu: awo kafin kwance noti

A mako na biyu na Mayu aka haɗa shi da wani bakanike da ke aiki da na'urar sikanin. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari wanda ake kira OBD-II, kuma ta nan ake karanta abin da kwamfutar ke gani. Ba a tarar da lambar laifi ko ɗaya ba, bakaniken kuma ya ce ko da a ce akwai, cire batir sau uku ya share ta. Don haka bai tsaya kan lambobi ba, ya ce wa mai motar: "Alhaji, bar mini ita ta kwana, gobe da safe da kuma bayan azahar mu fita tare, kai kana tuƙi ni ina kallon na'ura."

Fitar safe ta nuna ruwan inji bai wuce digiri 64 ba bayan tafiyar minti ashirin. Fitar rana kuwa, da na'urar sanyi a kunne, ya hau har 107 a cunkoso, alhali allurar dashbod tana zaune a tsakiya abinta, domin irin waɗannan allurai an tsara su ne kada su motsa sai zafi ya yi nisa. Gyaran man da kwamfutar ta koya, wato ƙarin fetur da take yi a kan lissafinta na asali don cakuɗen ya tsaya kusa da kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, ya kai ƙarin kashi 13 cikin ɗari. An gwada matsin silinda huɗun, duk sun zo kusa da juna, babu mai rauni. Da aka zura ƙaramar kyamara ta ramin filogi an ga baƙin dauɗar hayaƙi ta yi kauri a saman fistan, amma babu zaizaya ko tsagewa.

Awon da ya fi ɗaukar hankali shi ne na lokacin tartsatsi. A jikin bulok ɗin inji akwai wani ɗan sensa da ke sauraron girgiza, yana mayar da ita wutar lantarki ya aika wa kwamfuta. Da zarar kwamfutar ta ji salon girgizar ƙwanƙwasa sai ta jinkirta tartsatsi da 'yan digiri na juyin inji, matsi ya ragu, ƙarar ta mutu, sannan ta riƙa matso da shi gaba a hankali har ta sake jin alamarta. A kan gadar sama, mutum biyu a cikin mota suna jin ƙas-ƙas da kunnuwansu, amma alƙalamin tartsatsi a fuskar na'urar bai ja baya ko da digiri ɗaya ba.

A wannan injin sensan yana bayan bulok, a ƙarƙashin bututun shigar iska, sai an sauke bututun ake ganinsa. Da aka sauke, sai ga shi yana lilo a jikin wayarsa, soket ɗinsa a haɗe lafiya, amma notin da ke ɗaure shi da bulok babu shi.

Gyara daki-daki, 14 ga Mayu zuwa farkon Yuni

Bakaniken ya ƙi yin komai a rana ɗaya, yana cewa idan aka haɗa ayyuka biyar ƙarar ta tafi ba wanda zai san wanne ya kore ta. Aikin farko shi ne mayar da sensan mazauninsa, aka goge wurin ya yi tas, aka ɗaure noti da sifanar awo daidai ƙarfin da kamfani ya ƙayyade, domin sensan da aka matse fiye da kima ko aka bari sakwa-sakwa ba ya ji daidai. Washegari da rana ƙarar ta koma ta daƙiƙa ɗaya, da ta fara sai ta yanke. Sai dai mai motar ya dawo da sabon ƙorafi, cewa motar ta yi nauyi bayan azahar, ba ta fizga kamar da, kuma na'urar ta nuna kwamfutar tana jan tartsatsi baya da digiri shida zuwa takwas a duk hawa.

Aiki na biyu na sanyaya inji ne, kuma a nan aka ɗan yi ja-in-ja, don mai motar ya riga ya yarda tamostat shi ke tafasa inji a ƙasa mai zafi. Da aka buɗe lagireton aka nuna masa yadda tsatsa da farin gishirin ruwan burtsatse suka toshe layuka da dama, sai ya sakar wa bakaniken aikinsa. Aka sayo sabon lagireto da murfinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa, aka sa tamostat mai buɗewa a wajen digiri 82, aka mayar da fankoki kan rilensu, wato makunnansu na lantarki, don kwamfuta ta riƙa kunna su idan an buƙata, aka wanke hanyoyin ruwa aka zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji na musamman. Daga nan zafin injin ya tsaya tsakanin 86 da 97 safe da rana, jan tartsatsin ya sauko zuwa digiri ɗaya zuwa uku, nauyin motar ya tafi.

Sauran ƙananan ayyuka ne. An cire filogin Disamba, waɗanda aka tarar ajin zafinsu ya fi wanda injin ke so, aka sa na iridiyam da littafi ya ambata. An fesa wa sensan awon iska maganin wanki, don ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, aka canza matatar iska, gyaran man ya sauko daga 13 zuwa 3. An wanke bakin totur. Bayan duk wannan ne aka goge kwamfutar, sau ɗaya, ta hanyar na'ura, aka bar injin ya yi zafi a tsaye har fankoki suka kama suka tsaya, sannan aka yi tafiyar kilomita arba'in mai haɗe da cunkoso da buɗaɗɗen titi. Dauɗar saman fistan ba a buɗe inji saboda ita ba, an zuba maganin wanke hanyar mai a tanki biyu kawai.

Babbar Sallah zuwa bazarar 2025

Tafiyar Babbar Sallah a tsakiyar Yuni 2024, da mutum biyar da kaya cike da but, ita ce jarrabawa ta farko, kuma ba a ji komai ba sai ɗan ƙas guda a wani hawa. Da yake damina ta sauko da sanyinta, ba a ɗauki wannan a matsayin hujja ba. An jira Maris da Afrilu na 2025, motar ta ratsa su tana shan fetur daga gidajen man da aka zarga a baya. A lissafin mai motar, lita ɗaya da ke kai shi kilomita bakwai da rabi a cikin gari bayan aikin Disamba ta koma kai shi kusan tara.

Hukunci

Babban dalilin da ya sa ƙwanƙwasar ta daɗe har aka ji ta wata biyu shi ne kwamfutar ta kurumce. Dalilin da ya sa ta tashi tun farko kuwa zafi ne, tare da matsin da ya ɗan ƙaru saboda sharar kan silinda da dauɗar da ta taru. Cire tamostat ya yi ɓarna ta fuska biyu: da safe injin ba ya kai zafin aikinsa, kwamfuta na ta zuba mai da yawa, mai na tafiya dauɗa na taruwa, da rana kuma cire shi ba ya ƙara wa toshasshen lagireto ƙarfi, balle ma a injuna da yawa tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba. Filogi masu zafi da ƙarancin mai a cakuɗe sun taimaka, amma a ganina da su kaɗai ne da ba a ji komai ba.

Fetur ba shi da babban laifi a nan, tun da injin an yi shi ne don lambar da ake sayarwa a ƙasar. Na jarkar 'yan bumburutu ya ƙara tsananta abin, wataƙila domin sassan fetur masu saurin tashi sama, waɗanda ke da oktan mai yawa, suna gudu idan ya wuni a rana, amma ya tarar da wuta ne tana ci. Zancen gauraya da kananzir da wasu suka kawo bai da ƙarfi a wancan lokacin, don kananzir ya fi fetur tsada nesa. Kwalaben ƙara oktan kuwa yawancinsu abin da suke ɗagawa a cikakken tanki bai kai lamba guda ba. Shirun Jos ma yana da bayani: garin na kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, Kano ba ta kai 500 ba, iskar can ta fi sanyi kuma ba ta da nauyi, don haka abin da fistan ke matsewa ya ragu. Dalilin ke nan da ya sa wasu jihohin duwatsu a Amurka ke sayar da fetur mai lamba 85.

Sauƙin kwana biyu bayan cire batir shi ya fi ruɗar mai motar, kuma bayaninsa na nan cikin yadda kwamfutar ke koyo. Idan an goge ta, takan fara daga matsakaicin lokacin tartsatsi, sannan ta riƙa matsowa gaba muddin ba ta ji ƙwanƙwasa ba. Da yake sensan yana lilo a iska, kullum rahoton da take samu shi ne lafiya lau, sai ta ci gaba da matsowa har ta kai iyakarta cikin 'yan kwanaki. Kowace gogewa tana mayar da ita farkon wannan tafiyar ne kawai, tana kuma share gyaran man da ta koya da duk wata lambar laifi da za ta taimaki mai bincike. Gogewa tana da amfani bayan an canza ko an gyara wani sensa, kamar yadda aka yi a ƙarshen Mayu, domin tsohon koyo bai dace da sabon yanayi ba.

Sharar kan silinda ba ta dawowa, kuma shawarar da aka tsayar ita ce kada a buɗe injin saboda ita, sai dai in wata larura ta sa an buɗe, a sa gaskit mai ɗan kauri. Game da rashin kamawar fitila kuwa, kwamfutar wannan motar tana duba ko layin wayar sensan a haɗe yake, amma ba ta da hanyar sanin ko yana manne da bulok. Da a ce wanda ya haɗa injin a Disamba soket ɗin ya manta bai jona ba, da fitilar ta kama tun kafin motar ta bar gareji, kwamfutar ta ja tartsatsi baya don kare injin, mai motar ya koma washegari yana ƙorafin nauyi, a gano abin cikin awa ɗaya.